NAZARI: Tallafin fasahar zamani ga ƙungiyoyin agaji: wa ke ɗaukar nauyi bayan an watse daga taron ƙaddamarwa?

A ƙarshen watan Janairun 2025, shafin intanet na FEWS NET ya ɗauke ɗif. Wannan shi ne tsarin da Amurka ta kafa a 1985, bayan yunwar da ta yi ɓarna a Habasha da yankin Sahel, domin ya riƙa hango ƙarancin abinci watanni kafin ya iso. Kusan shekara 40 ƙungiyoyin agaji suna duba taswirorinsa kafin su yanke shawarar inda za su kai hatsi, daga Borno zuwa Diffa har Darfur. Babu mai kutsen da ya taɓa shi, babu na'urar da ta lalace. Sa hannun mutum ɗaya ne ya kashe shi: umarnin da Shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu ranar 20 ga Janairu, wanda ya dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje na kwana 90. Sai bayan wasu watanni shafin ya dawo.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ranar 24 ga Janairu aka umarci ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin hukumar USAID su dakata. A watan Maris, Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar, sannan ranar 1 ga Yuli aka rufe ta, aka miƙa ragowar ayyukanta ga ma'aikatarsa. Cikin abin da guguwar ta yi awon gaba da shi har da kwangilar shirin DHS, binciken gida-gida da Najeriya ke dogaro da shi wajen sanin yawan yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar da yawan matan da ke haihuwa a asibiti. Birtaniya ma ta sanar a watan Fabrairu cewa za ta rage kason tallafinta daga 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027.

An yi ta rubutu kan magungunan da suka yanke da cibiyoyin kula da tamowa da aka rufe, kuma hakan ya dace. Sai dai akwai wata ɓarnar da ba ta fitowa a hoto. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, masu ba da tallafi sun tura ƙungiyoyin sa-kai, manya da ƙanana, zuwa ga manhajoji, rumbunan adana bayanai da rajistar zanen yatsa. Yanzu da kuɗin ke janyewa, tambayar da ta rage ita ce: wa zai riƙe waɗannan kayan, kuma ina bayanan talakawan da ke cikinsu za su kwana? Idan tsari mai girman FEWS NET zai mutu a dare ɗaya, ƙaramar ƙungiyar mata a Gusau ko ta matasa a Potiskum ai sai ta shafa wa gemunta ruwa.

Ana biyan haihuwa, ba a biyan reno

Mafarin matsalar yana cikin yadda ake tsara tallafin. Galibinsa na aiki guda ne mai wa'adi, shekara ɗaya zuwa uku. Kasafinsa yana da gurbin gina manhaja, sayen kwamfutoci da wayoyi, bita a otal da taron ƙaddamarwa. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙirgawa, a ɗauke su hoto, a sa a rahoton ƙarshen shekara. Abin da ba shi da gurbi shi ne rayuwar manhajar bayan wa'adin: hayar ma'ajiyar intanet da ake biya duk wata, sabunta adireshin shafi duk shekara, lasisi, toshe ɓarakar tsaro, data, wuta, da albashin wanda ya san yadda ake gyara abin idan ya tsaya.

Masu ba da tallafi suna sanya irin waɗannan kuɗaɗe a ƙarƙashin "kuɗin gudanarwa", kuma sun daɗe suna ɗaukarsu tamkar almubazzaranci. Har zuwa Oktoban 2024, ƙungiyar da ba ta da yarjejeniya ta musamman da gwamnatin Amurka kashi 10 cikin 100 kawai aka yarje mata ta cire don gudanarwa. Daga nan aka ɗaga shi zuwa 15. Gidauniyar MacArthur kuwa, da ta sa aka duba abin da ƙungiyoyi masu lafiyar aljihu ke kashewa a zahiri, sai ta ga ya kai kashi 29, ta kuma mayar da nata ma'aunin haka daga 2020. Tazarar da ke tsakanin 10 da 29 ita ce inda tsaron bayanai da albashin ma'aikacin fasaha ke faɗawa su ɓace.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A 2012, Ma'aikatar Lafiya ta Yuganda ta dakatar da duk wani sabon gwajin kiwon lafiya ta wayar salula, saboda ƙungiyoyi sun cika ƙasar da manhajojin da ba sa magana da juna, kowace da mai ɗaukar nauyinta, kowace tana mutuwa da ƙarewar kuɗinta. Bayan haka ne manyan hukumomin duniya suka amince da wasu ƙa'idoji tara na amfani da fasahar zamani a ayyukan raya ƙasa, ciki har da gina abin da zai ɗore, tsara shi tare da masu amfani da shi, da sake amfani da abin da ke akwai. Hukumomi da yawa sun sa hannu. Amma ƙa'ida a takarda daban, layin kasafi daban, kuma ƙungiya layin kasafi take bi.

Kyautar kamfanonin fasaha ma tana da nata ƙugiya. Google yana ba ƙungiyoyin da suka cancanta tallar kyauta ta dala 10,000 a wata, amma a dandalinsa kaɗai ake kashe ta. Ba ta biyan albashi, ba ta sayen batirin sola. A watan Mayun 2025, Microsoft ya sanar da cewa daga 1 ga Yuli zai daina ba ƙungiyoyin agaji lasisi goma na Microsoft 365 Business Premium kyauta, ya maye gurbinsu da rangwame da wani rukunin kyauta mai ƙarancin kayan aiki. Rukunin da aka janye shi ne mai ɗauke da kayan tsaron na'urori. Ƙungiyar da ta kwashe shekaru tana tara takardunta a can ba ta da zaɓi mai sauƙi: ko ta biya, ko ta rage tsaro, ko ta yi ƙaura. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Kasafin naira, bashin dala

A Najeriya akwai ƙarin nauyin da ƙungiyar Landan ko ta Geneva ba ta sani ba. Kusan duk abin da manhaja ke ci, da dala ake biyansa. Kafin Yunin 2023, farashin gwamnati ya kai kimanin naira 460 a kan dala ɗaya. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: hayar ma'ajiya ta dala 200 a wata, wadda take naira 92,000, ta koma naira 300,000 ba tare da an ƙara ko harafi ɗaya a cikinta ba. Litar fetur, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, ta haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Faɗuwar naira ba ta bugi kowa daidai ba. Babbar ƙungiyar da ke karɓar tallafinta da dala ta ga nairarta ta ninka. Wadda ta sha wuya ita ce ƙaramar ƙungiyar gida da ke karɓar yanki daga hannun babbar, da naira, a kan kasafin da aka ƙayyade tun kafin farashi ya tashi. Ita ce ke shiga ƙauye, ita ce ke tattara bayanai, ita ce kuma ba ta da kuɗin kare su.

Wannan ya kai mu ga batun wanda kuɗin ke isa hannunsa tun farko. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020, kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kai-tsaye gwargwadon iko. A 2022, abin da ya isa gare su kai-tsaye kashi 1.2 ne kacal, bisa ƙididdigar cibiyar Development Initiatives. Ita kanta cibiyar da ke fitar da waɗannan alƙaluma ta rufe a ƙarshen 2024 saboda matsin kuɗi. USAID ma ta yi irin wannan alƙawari na kashi 25 a 2021, a zamanin Samantha Power, aka rufe ta ba ta kai ko'ina kusa da shi ba.

Ma'anar wannan a fagen fasaha ita ce, a can sama ake yanke shawarar irin manhajar da za a gina, kamfanin da zai gina ta, da ƙasar da za a ajiye bayanan. Ƙungiyar gida wayoyi ake miƙa mata da kalmar sirri. Ran da aikin ya ƙare, ana iya rufe mata ƙofar rumbun da ma'aikatanta suka cika da hannunsu.

An gina wa wa?

Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na ƙasa ya sa burin kai wa kashi 70 cikin 100 zuwa 2025. Har tsakiyar shekarar, alƙaluman NCC ba su kai 50 ba, kuma wannan matsakaicin ƙasa ne da Legas da Abuja ke ja sama. A karkarar Arewa, wayar da ta fi yawa ita ce ƙarama mai madannai, sau da yawa guda ɗaya a gida, a hannun maigida. Manhajar kai ƙarar cin zarafin mata da aka rubuta da Turanci, wadda sai babbar waya da data take aiki, ta riga ta cire mafi yawan matan da aka ce don su aka yi ta. Wadda ma ta samu wayar, ta yiwu a hannun wanda za ta kai ƙara take aronta.

Akwai kuma abin da babu mai rubuta shi a takardar neman tallafi. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka faɗaɗa zuwa sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, na tsawon makonni. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta toshe Twitter. Maiduguri, hedikwatar aikin jinƙai a ƙasar nan, ta shiga duhu mai tsawo daga Janairun 2021, bayan da mayaƙa suka tarwatsa turakun wutar da ke kai mata lantarki. Duk tsarin da aka gina bisa zaton cewa akwai sabis da wuta a kullum, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa yake tsayawa.

Shi ya sa kayan da suka fi amfani a wannan yanki su ne marasa ƙyalli: saƙon tes, lambar da ake dannawa kamar ta tura kuɗi, saƙon murya da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde, rediyo, da fom ɗin da ake cikewa ba tare da intanet ba a tura daga baya. Matsalar ita ce, irin waɗannan ba sa burge kwamitin tantance tallafi kamar yadda kalmar "ƙirƙirarriyar basira" ke burge shi a yau. Ƙungiyoyi kuma sun iya karatun fuska. Kalmar da ke kawo kuɗi ita suke rubutawa.

Bayanan talaka a hannun wa?

Nan ne haɗarin ya fi girma. A sansanonin 'yan gudun hijira na Arewa maso Gabas, hukumomin agaji sun daɗe suna ɗaukar zanen yatsa, hoto, sunan ƙauyen asali da adadin iyali kafin su ba da abinci ko kuɗi. Dalilinsu yana da ƙarfi: hana mutum ɗaya karɓa sau biyu da toshe sata. A ƙa'ida ana neman amincewar mutum. Amma uwar da 'ya'yanta suka kwana biyu ba su ci ba, idan aka ce ta dangwala yatsa ta karɓi katin abinci, wace irin "a'a" ce ta rage mata?

Duniya ta riga ta ga inda wannan hanya ke iya kaiwa. A Janairun 2022, ƙungiyar agaji ta ICRC ta sanar da cewa masu kutse sun shiga rumbun da ke ɗauke da bayanan mutum sama da 515,000, na shirinta na haɗa iyalan da yaƙi da ƙaura suka raba. Ta wata ɓaraka a manhaja da ba a toshe a kan lokaci ba aka shiga. Irin wannan aiki ne ƙungiyar ke yi a Najeriya, inda take riƙe da sunayen mutum sama da 20,000 da suka ɓace, mafi yawa a duk Afirka. A Yunin 2021, ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi hukumar UNHCR da tattara bayanan 'yan Rohingya ba tare da cikakken bayani ba, bayanan da Bangladesh ta miƙa wa Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta. Hukumar ta musanta yin ba daidai ba. A Yemen kuwa, a 2019, taƙaddama kan rajistar zanen yatsa tsakanin hukumar abinci ta WFP da 'yan Houthi ta kai ga dakatar da wani ɓangare na rabon abinci a Sanaa.

Idan ICRC, mai ma'aikata dubbai da hedikwata a Geneva, ta ji a jikinta, ina ga ƙungiyar da rumbunta kwamfutar shugabanta ce da wani zauren WhatsApp? Jerin sunayen matan da aka yi wa fyaɗe, ko masu ɗauke da cutar HIV, ko waɗanda suka fito daga hannun Boko Haram, makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. A yankin da jami'an tsaro suka taɓa rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Satumban 2019 bisa zargin taimakon mayaƙa, tambayar wanda zai iya ƙwace kwamfuta ba tatsuniya ba ce.

Doka ta riga ta yi magana. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma sanya bayanan lafiya, zanen yatsa, addini da ƙabila a rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Tarar da ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar ba ta ware ƙungiyoyin agaji ba. To amma bin ta kuɗi ne, kuma shi ne dai "kuɗin gudanarwa" da mai tallafi ke ƙyashi. An ɗora wa ƙaramar ƙungiya nauyin doka, an hana ta abin ɗaukarsa.

Inda abin ya yi aiki

Zai zama rashin adalci a ce duk tallafin fasaha asara ne. Akwai misalai a Arewa da ke nuna abin da ke sa shi ya ɗore.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, wadda ta kashe yara aƙalla 400. Ƙauyen Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran kuɗin tsaftace shi da gwamnati ta yi alƙawari. A 2012 wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin Follow The Money a kai, kuma a Janairun 2013 aka saki kimanin dala miliyan 5. Ba su gina wata sabuwar manhaja ba. Da Twitter da kyamarar waya suka yi aiki. Abin da ya ci kuɗi shi ne zuwa ƙauyen, zama da mutanensa, da naci a ofisoshin Abuja. Haka tsarin Tracka na ƙungiyar BudgIT, wanda aka fara a 2014 don bibiyar ayyukan mazaɓu: ƙarfinsa yana ga jami'an da ke taka ƙafa su je su ga ko an gina asibitin, shafin intanet ɗin wurin ajiye shaida ne.

Misali na biyu shi ne yaƙi da shan-inna. An zana taswirar ƙauyuka da rugage da hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka kafa cibiyoyin aikin gaggawa a Abuja da jihohi, inda ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta taka rawa. Wannan ya tona asirin unguwannin da ake tsallakewa ana cike takarda a gindin bishiya. Da Ebola ta shigo Legas a 2014, da ƙwarewar wannan tsari aka tare ta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka ayyana ƙarewarta ranar 20 ga Oktoba. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Me ya bambanta wannan da manhajojin da ke mutuwa? Kuɗinsa ya ɗauki shekaru masu yawa, gwamnati tana zaune a teburin tun ranar farko, kuma fasahar ta zo ne don amsa wata takamaimiyar tambaya: wane yaro aka tsallake? A ɓangaren rigakafin yau da kullum ma, yarjejeniyar da gidauniyoyin Gates da Dangote suka ƙulla da Kano, daga baya Bauchi, Sakkwato, Kaduna, Borno da Yobe, an tsara ta ne yadda kason gidauniyoyin ke raguwa shekara-shekara, na jiha yana ƙaruwa. Ranar rabuwa tana rubuce tun ranar ɗaurin aure.

Laifin gida

Ba masu tallafi kaɗai ke da kaso a laifin ba. Akwai ƙungiyoyin da ke neman kuɗin manhaja ba don suna da matsalar da za ta warware ba, sai don a nan kuɗin yake. Akwai waɗanda ke ba ɗan'uwa kwangilar, ba a rubuta ko wa ya mallaki lambobin manhajar ba, ran da aka ɓata kuma ya tafi da kalmar sirri. Akwai masu wa'azin gaskiya da riƙon amana ga gwamnati alhali nasu rahoton kuɗi ba ya kan shafinsu. Irin wannan ne ke ba maƙiyan ɓangaren makami. Lokacin da ɗan majalisar Amurka Scott Perry ya yi iƙirari a Fabrairun 2025 cewa kuɗin USAID ya isa hannun Boko Haram, ofishin jakadancin Amurka ya ce babu hujja, amma maganar ta samu karɓuwa a Arewa cikin sauri, domin mutane da yawa ba su taɓa ganin lissafin ƙungiyoyin da ke aiki a garuruwansu ba.

Gwamnati kuma ta fi nuna sha'awar sa wa ƙungiyoyi linzami fiye da ƙarfafa su. Sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020 ya ba hukumar CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Ga rajista da sashen SCUML na EFCC, ga sharuɗɗan jihohi. Sa ido yana da hujjarsa, amma har yanzu babu wani tsayayyen asusu na ƙasa da ƙaramar ƙungiya za ta nema a fili don kare bayanan 'yan Najeriya da ke hannunta. Asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ba, da shirin 3MTT da Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, duk suna iya taimakawa. Matashin da aka horar a Dutse ko Damaturu yana neman inda zai gwada hannunsa, ƙungiyar garinsu kuma tana neman wanda zai riƙe mata rumbu.

Abin da ya kamata ya sauya

Ga masu ba da tallafi, mataki na farko shi ne su daina amincewa da kasafin da bai nuna kuɗin riƙe abin na aƙalla shekara biyar ba, su kuma biya shi. Wasu sun fara. Gidauniyar Ford ta ware dala biliyan ɗaya ga shirinta na BUILD, mai ba da tallafin shekara biyar da ƙungiya ke da ikon kashewa wajen ƙarfafa kanta. Na biyu, kowace yarjejeniya ta ƙunshi sashen da ke fayyace makomar bayanai ran da aiki ya ƙare: wa zai karɓe su, wanne za a goge, cikin kwana nawa. Na uku, a fifita manhajojin da lambobinsu ke buɗe ga kowa, irin su DHIS2 da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wanda tsarin bayanan lafiya na Najeriya ke kansa, maimakon kowa ya gina nasa ɗaki.

Ga ƙungiyoyi, ƙa'ida mafi arha ita ce kada a tattara abin da ba a buƙata. Bayanin da ba ka ɗauka ba, ba za a sace shi a hannunka ba. Ƙungiyoyi goma a gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre guda, su yi tarayya a ma'ajiya ɗaya. Cibiyoyi irin su CITAD ta Kano, da suka daɗe a harkar, suna da abin koyarwa a nan. Kafafen yaɗa labarai masu zaman kansu ma suna cikin wannan jirgi, musamman bayan da MacArthur ta kammala babban shirinta na yaƙi da rashawa a Najeriya a 2024.

Ga al'umma kuma akwai tambaya mai ɗan ɗaci. Arewa ba ta rasa masu bayarwa ba. Ana gina masallatai, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, ana ciyarwa da azumi, ana tara wa mara lafiya miliyoyi a Facebook cikin kwana biyu. Amma mu ma irin cutar masu tallafin waje muke da ita: mun fi son abin da za a rubuta sunanmu a jikinsa. Alhali hikimar waƙafi tun asali ita ce riƙo. Da kuɗin waƙafi Jami'ar Azhar ta rayu ƙarnuka, ana biyan malamai, ana gyara gini. Shago ɗaya a Kantin Kwari da aka yi waƙafinsa don biyan albashin mai kula da bayanan gidan marayu zai fi kwamfuta ashirin da aka raba a gaban kyamara amfani. Hukumomin zakka da waƙafi, irin ta Sakkwato, suna da hurumin buɗe wannan ƙofa.

Matasan da ke bibiyar kasafin gwamnati da kwangilolin mazaɓu sun riga sun iya tambaya. Lokaci ya yi da za su juya da ita ga kowane taron ƙaddamar da manhaja, ko na gwamnati ne ko na ƙungiya. Nawa aka kashe? Wa zai biya a shekara ta uku? A wace ƙasa bayanan suke? Mutumin da sunansa ke ciki, ta wace hanya zai sa a goge shi? Duk mai shirya taron da ya kasa amsa waɗannan huɗun, bai gama aikinsa ba, ko da an yanke kyalle an raba alawus.